Waƙar Tamil da Matsayin Mace: Nazari a kan Subramaniya Barati

1.0 Gabatarwa

Harshen Tamil, wanda ake magana da shi a kudancin Indiya da arewacin Siri Lanka, yana da rubutaccen adabi na kimanin shekara dubu biyu. Wannan maƙala za ta dubi yadda jigon 'yancin mata ya shiga waƙoƙin harshen ta hannun Subramaniya Barati (1882-1921), da abin da hakan ya haifar a zahiri.

2.0 Tushen Jigon

Muryar mace ba baƙuwa ba ce a adabin Tamil. A cikin tsofaffin waƙoƙin zamanin Sangam akwai na wata sha'ira mai suna Abbaiyar, wadda Sarki Atiyaman ya aika jakadanci wurin wani sarki da ke shirin yaƙarsa. Sai dai a ƙarni na 19, auren ƙuruciya da hana gwauruwa sake aure da kange 'ya mace daga karatu sun zama ruwan dare. Shi kansa Barati an ɗaura masa aure a 1897 da Cellamma, tana da shekara 7 kacal. Ke nan abin da ya soka daga baya, a gidansa ya fara ganinsa.

3.0 Barati da "Sabuwar Mace"

Manazarta na danganta sauyin tunaninsa da haɗuwarsa da Nibedita, almajirar Swami Bibekananda, wadda ta nusar da shi cewa al'ummar da ta danne matanta ba ta shirya wa 'yancin kai ba. Daga nan ya haɗa fafutukar korar Turawan Ingila da ta 'yanta mata, ya mai da su abu guda.

A waƙarsa Pudumai Pen, wato sabuwar mace, ya siffanta mace mai ilimi, marar tsoro. A Pancali Sabadam (1912) kuwa, wadda ya rubuta yana gudun hijira a Pondiceri, ya ɗauko labarin Daraupadi daga Mahabarata: matar da mijinta ya sarayar a caca, aka wulaƙanta ta a fada manya suna kallo. Hikimar ita ce Daraupadi ta tsaya a matsayin mace da kuma ƙasar Indiya a lokaci ɗaya, don haka duk wanda ya ji zafin ɗaya, tilas ya ji na ɗayar. Bugu da ƙari, ya yi amfani da sassauƙan harshe da karin da ake iya rerawa, abin da ya kai saƙon ga waɗanda ba su yi karatu ba.

4.0 Kammalawa

Kuskure ne a jingina wa waƙa kaɗai nasarorin da suka biyo baya. Mata ne suka yi aikin da hannunsu. Lardin Madaras ya ba mata damar zaɓe a 1921, sannan Dakta Mutulakshmi Reddi ta shiga majalisar dokokinsa ta yaƙi al'adar sadaukar da 'yan mata ga wuraren bauta, wadda aka haramta a 1947. Gudummawar Barati ita ce samar wa wannan gwagwarmaya suna da sura. Shaidar ɗorewarsu ita ce a 2022 gwamnatin Tamil Nadu ta raɗa wa shirinta na tallafa wa ɗalibai mata da rufi 1,000 a wata sunan waƙar tasa.