Ruwan da Ke Tafe wa Unguwar Television

Mazaunin Television zai iya cewa ambaliya matsalar mutanen bakin kogi ce, irin su Nasarawa da Barnawa da Kigo Road. Gaskiya ne su suka fi ɗanɗana kuɗarsu a 2003 da 2012 da 2018, lokacin da Kogin Kaduna ya tumbatsa. Sai dai ruwan da masana yanayi ke hange nan gaba ba sai ya biyo ta kogi ba. Daga sama zai sauko, mai yawa, cikin ɗan lokaci.

Dalili kuwa shi ne, duk sa'ad da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100, kuma abin da ta ɗauka sai ta sauke. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Kaduna tana kudu da Sahel, amma damina ɗaya ce ke shayar da mu.

To ina ruwan zai bi? Tun bayan rikicin Kaduna na shekarar 2000 jama'a suka yi ta kwararowa kudancin kogi, Television da Narayi da Sabon Tasha da Romi suka cika maƙil. Gonakin da ke shanye ruwa sun koma gidaje, tsakar gida ta sha siminti, kwatoci kuwa ledar fiya wata ta toshe su. Idan ruwa ya rasa hanya, ɗaki yake shiga. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ya cika masai ya gangara rijiya, daga nan sai kwalara da taifot. A nan ba sauyin yanayi kaɗai ke da laifi ba, har da wanda ya sayar da fili a kan hanyar ruwa, da wanda ya sa hannu a takardar filin.

Ga kuma bazara. Ana sa ran zafin Maris da Afrilu zai ƙara tsanani, har dare ya daina kawo sauƙi. Ɗakin haya mai rufin kwano, ba wuta, ba bishiya a ƙofa, tsofaffi da jarirai ne ke fara jigata a cikinsa.

Hukumar kula da yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya. Masu unguwanni, limamai da fastoci, ku nemi bayanan nan ku sanar da jama'a, a kuma yashe kwatoci kafin ruwan farko.