Manjo Abacha Tunde na bogi, da ɗan shushainan da ya je sararin samaniya da gaske

Kwanakin baya wani abokina daga Faskari ya turo min saƙo a WhatsApp yana tambaya ko gaskiya ne. Wai akwai wani hafsan sojan saman Najeriya, Manjo Abacha Tunde, da Tarayyar Sobiyet ta kai sararin samaniya a asirce, ta kuma manta da shi a can tun 1990. Wai albashinsa ya taru ya kusa dala miliyan 15, ana neman mai taimakawa a fitar da miliyan 3 a dawo da shi gida.

Tsohuwar wasiƙar 'yan damfara ce, ta daɗe tana yawo a imel, ta sake tashi a 2016. Abu ɗaya ya isa ya tona ta: tashar da ta ce mutumin ya maƙale a ciki, Salyut 8T, ba a taɓa yin ta ba. Jerin Salyut a kan ta bakwai ya tsaya. Minti biyu a Google sun wadatar.

Na gane dalilin da ya sa labarin ya kama abokina. Mu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun san ƙarar jirgin yaƙi fiye da yadda muke so, yaro ma yana bambance ta da ta jirgin fasinja. Ba wuya mutum ya yarda cewa mai tuƙa wannan abin zai iya wucewa sama gaba ɗaya. Kuma haka ake yi. Wasiƙar ta ce Tunde ya fara zuwa tashar Salyut 6, to akwai baƙar fatar da ya je wannan tashar da gaske.

Sunansa Arnaldo Tamayo Méndez, ɗan ƙasar Kyuba, an haife shi a 1942 a yankin Guantánamo. Maraya ne. Yana ɗan shekara 13 ya fara shushaina da tallar kayan miya, daga baya ya kama koyon kafinta. Bayan juyin juya halin 1959 ya shiga soja, kuma da farko aikin kanikancin jirgi ya koya. A nan labarin ya fi burge ni, wataƙila don ni ma ta bayan gida na shigo harkar manhaja: sai da ya san cikin injin kafin a ba shi kujerar gaba.

Daga nan aka tura shi Tarayyar Sobiyet koyon tuƙa MiG-15, irin jirgin da Yuri Gagarin ya tuƙa kafin ya zama mutum na farko a sararin samaniya a 1961. Tamayo ya dawo gida yana ɗan shekara ashirin, ya tarar da rikicin makamai masu linzami na 1962, lokacin da Amurka da Sobiyet suka kusa gwabzawa da nukiliya a kan Kyuba. Ya yi ta shawagin leƙen asiri a lokacin. Ya ci gaba da hawa muƙami har laftanar-kanar, sannan a 1978 aka zaɓe shi cikin shirin Interkosmos, wanda Sobiyet ke ɗaukar matuƙan ƙasashe ƙawayenta.

Me ya sa matuƙan jirgin yaƙi? Idan jirgi ya yi kwana da gudu, nauyin jikin matuƙi yana ninkuwa sau da dama, jini ya sauka ƙafa, ido ya fara duhu. Wanda ya saba da wannan, yana kuma karanta allon na'urori yana yanke shawara cikin daƙiƙa, shi ne ya fi kusa da abin da tashin roka da dawowar kumbo ke buƙata.

Ranar 18 ga Satumba 1980 kumbon Soyuz 38 ya tashi daga Baikonur da shi da Yuri Romanenko. Sun yi kusan kwana takwas. Cikin gwaje-gwajensu akwai na yadda sukari ke daskarewa inda babu nauyi, ba mamaki, tunda rake ne arzikin Kyuba a wancan lokacin, da na wani takalmi na musamman da ke danna tafin ƙafa don rage jiri. Tsohon mai goge takalma yana gwajin takalmi a sama! Shi ne baƙar fata na farko da ya je can, shekara uku kafin Guion Bluford na sojan saman Amurka ya bi a 1983. Daga baya ya kai birgediya janar.

A Najeriya dai hanyar soja ta farko a fili take: makarantar NDA a Kaduna, sai makarantun koyon tuƙi na sojan sama a Kaduna da Kano. Matakin da ya rage shi ne na biyu. Hukumar NASRDA ta harba tauraron NigeriaSat-1 tun 2003, amma da rokar Rasha, kuma ƙasar ba ta da kumbon ɗaukar mutum. Kyuba ma ba ta da shi a 1980, kujera ta samu a na wasu.

Na tura wa abokina hoton Tamayo cikin kayan 'yan sama jannati. Ya ce in tabbatar masa ba na AI ba ne.