Timiya: garaken da ke tsakiyar duwatsun Azbin sun daɗe ba su ga baƙi ba

Duk wanda ya saba shiga kasuwa a Agadas, Tawa ko Yamai a lokacin ɗari, ya san lemun Timiya ko da bai san sunansa ba. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu ake sauke buhunansa, kuma a baje-kolin masu garka na jihar Agadas da aka sha shiryawa a Yamai, da wuya mutum ya fito bai riƙo leda ba. Sai dai idan ka tambayi masu sayen ko ina Timiyar take, da yawansu za su ce maka can wajen hamada, alhali kuwa garin na cikin duwatsu, kimanin kilomita 220 arewa da Agadas, a wani kwari da ke cike da dabino da itatuwan lemu.

Hanyar zuwa can ba ta da kwalta. Ana barin Agadas da sassafe a cikin kat-kat, a bi ta Elmeki inda aka daɗe ana haƙar kuza, daga nan sai hawa da gangara a kan baƙaƙen duwatsu, wani wurin kuma cikin rairayin ƙorama motar za ta yi ta bi. Tafiyar kan cinye mafi yawan wuni. Wanda ya taso a Damagaram ko Maraɗi, inda ido ke kaiwa nesa ba abin da ya tare shi, zai ji kamar an rufe shi a ɗaki, har sai ya sha kwana ta ƙarshe ya hango kore shar a ƙarƙashin dutse.

Mutanen Timiya Abzinawa ne na Kel Ewe, kuma ba baƙi ba ne ga ƙasar Hausa. Su ne ke fita da ayarin raƙuma su ƙetare Tenere zuwa Bilma su ɗauko gishiri da dabino, sannan su gangaro kudu zuwa Damargu, Damagaram har Kano, su koma gida da gero da tufafi. Shi ya sa mai jin Hausa ba ya rasa abokin hira a garin, musamman a cikin dattawan da suka yi ayari. Farin da aka yi a shekarun 1973 da 1974, da na 1984, ya karkashe dabbobi da yawa a Azbin, abin da ya sa gidaje masu yawa suka ƙara dogara ga garka.

Ita garkar Timiya hawa-hawa ce. A sama akwai dabino da ke ba da inuwa, a ƙarƙashinsa lemun zaƙi, lemun tsami, rumman, ɓaure da inabi, sannan a ƙasa fangali-fangali na alkama, masara, albasa, tafarnuwa da tumatir, gwargwadon lokacin shekara. An kewaye kowace da shinge saboda awaki. Ruwan sama a nan bai isa noma ba, don haka komai a kan rijiya ya dogara. Ruwan da ya sauka a kan duwatsu a watannin Yuli da Agusta shi ke gangarowa cikin ƙorama, ya nutse cikin rairayi, ya kwanta a ƙasa, daga nan rijiyoyin garake ke sha har shekara ta zagayo.

Abin da ya fi jan hankalin baƙo shi ne tsohuwar dabarar ɗebo ruwa da ake kira takarkart. Ana kafa itatuwa a bakin rijiya da ƴar ƙafar da igiya ke bi ta kai, a ɗaura wa raƙumi ko sa. Yaro ya ja dabbar ta yi gaba, wasaki ya taso cike da ruwa, ya juye da kansa cikin kututturen da aka fafe, ruwan ya bi ƴar hanyar da aka yi masa zuwa fangali, inda mai garka ke tsaye da fartanya yana buɗe wannan yana toshe wancan. Dabbar ta juyo, wasaki ya sake nutsewa. Haka za a yi ta yi tun safe har rana ta take.

Yanzu injin ban-ruwa ya karɓe wannan aiki a garake da dama, kuma ba wanda zai ga laifin manomin da ya huta da jan raƙumi. Inji ya ba da damar faɗaɗa noman albasa, wadda a Azbin ake cirewa a ƙarshen shekara, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci a kasuwa, don haka takan yi kuɗi. Amma raƙumi yana gajiya a kwance shi, shi kuwa inji muddin akwai mai ba ya tsayawa. Idan kowa na zuƙa da ƙarfi daga ruwa guda, rijiya kan yi ƙasa kafin damina ta dawo, sai mai hali ya ƙara mata zurfi, marar hali ya zuba ido. Albasa in ta bushe asarar shekara guda ce, amma itacen lemun da aka yi shekaru ana reno in ya mutu, ba a maida shi da wuri. Ga kuma ɗaya matsalar: ƙoramar da ke shayar da garaken ita ce ke cinye su. In aka yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu, takan zo da gudu ta zaftare gaɓa, ta tafi da ƙasar noma da rijiya gaba ɗaya. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar watan Satumba na 2009 ba, kuma irin wannan ruwa ne ke bi ta kwarurukan Azbin.

Ƴan kilomita kaɗan daga garin akwai magangarar ruwan da ta sa sunan Timiya ya shiga littattafan ƴan yawon buɗe ido. Ruwa ne ke zubowa daga kan dutse zuwa wani tafki mai sanyi ƙarara. Bayan damina yakan zubo da ƙarfi, da rani kuwa sai ya koma siriri, don haka wanda ya je a watan Afrilu kada ya ce an yi masa ƙarya. A kan tudun da ke kallon garin akwai ginin soja da Faransawa suka yi a shekarun 1950, wanda ake kira Fort Massu; daga can ne ake ganin kwarin gaba ɗayansa, kuma hawan ya fi daɗi da la'asar. Mai sauran ƙarfi zai iya wucewa arewa ta hanyar Iferwan ya tsaya a kufan Asode, tsohon babban birnin Azbin, inda har yanzu ake ganin bangayen gidaje da na masallaci. A kudu kuma ga dutsen Bagzam, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu wurin da ya fi shi tsawo a duk Nijar.

Gabas da arewacin wannan yanki ne aka keɓe a 1988 a matsayin gandun Azbin da Tenere, mai faɗin fiye da kadada miliyan 7. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, shekara guda bayan haka, a 1992, ta maida shi jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawaye. Jiminar da ke yawo a kwarurukan a da, a waɗannan shekaru aka ƙarar da ita da farauta. Barewa da ragon dutse sun saura, amma sai mai sa'a.

Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, Turawa sun dawo sannu a hankali, har ya zama jirage na sauka a Agadas kai tsaye daga Faransa a lokacin ɗari. Direbobi, masu dafa abinci, masu raƙuma, maƙeran azurfa da mata masu saƙar tabarma da cuku duk sun ci moriyar wannan zamani. Harin Iferwan na watan Fabrairu 2007 ya buɗe tawaye na biyu, wanda ya kai 2009, sannan a Satumba 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit. Daga nan kasuwar ta mutu. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, samari da yawa da suka san hanyoyin hamada can suka nufa. Sace wasu Turawa mata biyu a cikin garin Agadas a 2025 ya ƙara nisanta ranar da za a sake ganin waɗancan jirage.

A ganina kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne ɗaukar yawon buɗe ido a matsayin harkar Bature. Ma'aikacin da ke iya kai iyalinsa Kotonu ko Lome hutu, bai taɓa tunanin Timiya ba, kuma yara ƴan makaranta suna haddace sunan Bagzam don jarrabawa ba tare da an taɓa nuna musu ko hotonsa ba. Bikin Azbin da ake yi a Iferwan ya nuna cewa ƴan ƙasa na zuwa in an shirya musu, sai dai kwana uku ne a shekara. Baƙon gida ba zai kashe kuɗi kamar Bature ba, gaskiya ne, amma shi ba ya jiran izinin ofishin jakadanci, kuma in ya tashi komawa buhun lemu zai saya a bakin garka, kuɗin ya shiga hannun mai ita ba tare da dillali ba.

Mai niyyar zuwa ya zaɓi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da lemu ya nuna kuma zafi ya sauka. Ya tambayi hukumomi a Agadas halin da hanya ke ciki kafin ya tashi, ya nemi direban da ya san duwatsun, kada kuma a yi tafiyar dare. A riƙi bargo mai kauri, don sanyin Azbin ba irin na kudu ba ne. Garka kuwa dukiyar mutum ce: a yi sallama a bakin shinge, a jira mai ita ya ce a shigo, kuma kada a miƙa hannu ga itace sai shi ya tsinko ya bayar.