Ƙwayoyin Bakteriya: Ku San Su, Ku Kare 'Ya'yanku

Ya ku iyaye da masu kula da yara, yawancin allurar da ake yi wa jariri kafin ya cika shekara ɗaya ana yin su ne saboda wasu ƙananan halittu da ake kira bakteriya. Wanda ya san inda suke zaune zai gane dalilin da ya sa ba a wasa da rigakafi.

Mene ne bakteriya?

Halittu ne masu rai waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Suna cikin ƙasa da ruwa, suna kan fatar mutum da cikin hanjinsa. Idan suka sami ɗumi da laima da abinci, ƙwaya ɗaya takan rabu gida biyu, wasu ma cikin minti 20 kacal. Masana sun kasa su bisa siffa: akwai kewayayyu kamar ƙwallo, akwai dogaye kamar sanda, akwai kuma lanƙwasassu kamar lauje.

Shin dukkansu cuta suke kawowa?

A'a. Mafi yawansu ba sa cutarwa, wasu ma ba za mu rayu ba sai da su. Su ne ke mayar da madara kindirmo, su ne ke sa kalwa ta zama daddawa. Manomin da ya tuge gyaɗa ko wake yakan ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. A cikinsu bakteriya ke zaune, suna ɗebo sinadarin naitirojin daga iska suna mayar da shi taki, shi ya sa hatsi yakan yi kyau a gonar da aka noma wake bara. Su ne kuma ke narkar da ciyawa a tumbin saniya. A hanjin mutum suna taimakawa wajen narkar da abinci, suna hana miyagun 'yan'uwansu samun wurin zama.

Masu cutarwa kaɗan ne, amma ɓarnarsu babba ce. Ga su bisa mazauninsu.

Mazauna ƙasa

Ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora, wanda ma'aikatan lafiya ke kira tetanus, tana cikin turɓaya da kashin dabbobi. Takan lulluɓe kanta da ɓawo mai tauri, ta yi shekaru ba ta mutu ba. Ba ta son iska, don haka sai ta shiga rauni mai zurfi take farkawa ta fitar da dafi. Idan aka yanke cibiyar jariri da reza marar tsabta, ko aka shafa mata toka ko ƙasa, kwanaki kaɗan sai yaro ya kasa kama nono, jikinsa ya sandare. Ba a ɗaukar wannan ciwo daga mutum zuwa mutum, kuma babu mai iya share ƙwayarsa daga doron ƙasa. Garkuwar kowa tana jikinsa.

Mazauna hanci da maƙogwaro

Nan ƙwayoyin sanƙarau da mashaƙo da tarin shiƙa da namoniya suke. Suna yaɗuwa ta tari da atishawa, musamman a ɗaki mai cunkoso. Kimanin mutum 1 cikin 10 yana ɗauke da ƙwayar sanƙarau a maƙogwaronsa, yana cikin ƙoshin lafiya, bai sani ba. Idan ƙurar hunturu da zafin bazara suka raunana hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami hanyar shiga jini ta kai ga lulluɓin ƙwaƙwalwa. A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000.

Ita kuwa ƙwayar mashaƙo takan shimfiɗa wata fata mai launin toka a maƙogwaro ta toshe numfashi, dafinta kuma yana taɓa zuciya. Ɓarkewarta daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 ta fi tsanani a Jihar Kano, kuma akasarin waɗanda suka kamu yara ne da ba su kammala rigakafi ba.

Mazauna huhu

Ƙwayar tarin fuka, wadda likitan Jamus Robert Koch ya gano a 1882, tana girma a hankali, tana iya kwanciya a jiki shekaru kafin ta tashi. A ƙaramin yaro takan wuce huhu ta kai ƙwaƙwalwa.

Mazauna gurɓataccen ruwa da abinci

Ƙwayoyin kwalara da taifot suna fita ta bayan gida su koma ta baki. Tafasa ruwan sha, amfani da masai, da wanke hannu da sabulu suna yanke musu hanya.

Me ya sa tsabta kaɗai ba ta isa ba?

Sabulu yana wanke hannu, amma ba ya kaiwa maƙogwaron maƙwabcin da ke ɗauke da ƙwaya bai sani ba, ba ya kuma wanke turɓayar tsakar gida. Allurar rigakafi tana nuna wa jikin yaro kamannin ƙwayar ko dafinta bayan an karya ƙarfinsu, don ya gane su ya yaƙe su ranar da suka zo da gaske. Ƙwayoyi masu amfani kuwa ba ta taɓa su.

Abin da ya wajaba ku yi

• Da haihuwa: allurar BCG, mai kare yaro daga tarin fuka mai tsanani.
• A mako 6 da 10 da 14: allurar Penta, mai kariya daga cututtuka 5, ciki har da mashaƙo, tarin shiƙa da sarƙewar haƙora, tare da allurar namoniya. Sai an cika duka ukun kariya take ƙarfi.
• A wata 9: allurar sanƙarau, tare da ta ƙyanda.
• Mai juna biyu ta je awo ta karɓi allurar tetanus, domin garkuwarta ce jaririnta zai zo da ita duniya.

Ɗan zazzaɓi ko kumburin wurin allura yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan an tsallake wata allura, a koma asibiti a ci gaba daga inda aka tsaya. Maigida, ba da izini kuma ka tuna wa iyalinka ranar komawa. Rigakafin yara kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ku adana katin yaro, ku riƙa zuwa da shi.

Rigakafi ya fi magani.