Shanya laftof a rana ba ya gyara allon da ke ƙiftawa

Akwai wani saƙo da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp, daga na 'yan uwa zuwa na ɗalibai, wanda ke koya wa mutane yadda za su magance laftof ɗin da allonsa ke ƙiftawa ko rawa. Wanda ya haɗa shi ya gauraya gaskiya da shirme, ya kuma rufe da cewa a tura wa wasu, kamar dai yawan turawa ne zai mai da shi ilimi. Maganar cewa bidiyon da aka sauke daga WhatsApp ne ke lalata allo ba ta da tushe, haka ma batun tura kwamfuta cikin buhun shinkafa. Inda ya ce a gwada cire caja a gani, nan ya yi daidai, domin cajar jabu ko wutar janareta marar daidaito na iya sa hoto rawa. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne shawarar da ta fi kama hankalin jama'a: wai a shanya kwamfutar a rana, ko a hura mata zafi da na'urar busar da gashi, don dalmar ciki ta narke ta sake kamawa.

Wannan magana tana da asali, shi ya sa ta daɗe ba ta mutu ba. A 2008 kamfanin Nvidia ya amince cewa wasu na'urorinsa na sarrafa hoto da ke cikin laftocin HP da Dell da Apple suna lalacewa saboda yawan ɗaukar zafi da hucewa, har ya ware kusan dala miliyan 200 don biyan kuɗin gyara. A lokacin ne mutane suka gano cewa idan aka gasa bod ɗin da ke cikin kwamfutar, wani lokaci hoto kan dawo. Amma waɗanda suka yi hakan sai da suka kwance kwamfutar, suka cire batir da allo da robobi, kuma duk da haka cutar kan dawo bayan makonni ko watanni. Ciwo ne na wasu na'urori ƙayyadaddu na wancan zamani, ba maganin duk allon da ya yi rawa ba.

Lissafin zafin ma bai ba da wannan shawara ba. Dalmar da ake like kayan kwamfuta da ita yanzu, wadda babu gubar darma a ciki, tana narkewa ne a wajen digiri 217. Ranar Afrilu a Kano ko Zinder, duk ƙunarta, ba ta kai ko kusa da haka, na'urar busar da gashi ma ba ta kaiwa. To zafin da bai isa ya narkar da dalma ba, ya isa ya yi ɓarna a wani wuri. Apple ya ce a yi amfani da laftocinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, a kuma ajiye su a inda bai haura 45 ba, sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da wannan ba. Batirin lithiyam ba ya shiri da zafi: yana rage ƙarfi, yana kumbura har ya ɗago madannai ko ya tsaga murfi, idan abin ya yi muni ya kama da wuta. Yawancin laftocin da ke hannun ɗalibanmu kuwa na hannu ne, batirinsu ya riga ya sha aiki, kuma a irin na yanzu batirin a ciki yake a ɗaure, ba ya zaruwa ta baya kamar na da.

Za a ce ai wane ya gwada kuma ta yi masa aiki. Ba lallai ƙarya yake ba. Zafi na sa ƙarfe ya ɗan buɗe, mahaɗin da ya saki ya taɓa na ɗan lokaci. Sannan irin wannan matsala dama takan zo ta tafi da kanta, musamman idan siririyar wayar da ke kai hoto ce ta gaji a gaɓar da murfi ke buɗewa da rufewa. Ɗaukar kwamfutar kawai a kai ta tsakar gida ya isa ya motsa wayar. Irin wannan gajiyar waya ce ta addabi MacBook Pro na 2016, har Apple ya buɗe shirin gyara kyauta a 2019. Mai kwamfuta ɗaya tilo da aikin makaranta a ciki, ga kuɗin sabon allo ya yi tsada, ba abin zargi ba ne idan ya rungumi maganin da ba a biya. Laifin na wanda ya tura abin da bai taɓa bincikawa ba ne.

Gwajin da ke nuna inda matsalar take ma kyauta ne. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare don buɗe Task Manager. Microsoft ya ce idan shi ma yana ƙiftawa, galibi manhajar sarrafa hoto ce, wadda masu gyara ke kira direba, sai a sabunta ta ko a koma wa tsohuwar. Idan shi ya tsaya cak sauran allon na rawa, galibi wata manhaja ce da aka saka ke rikici. Haɗa laftof ɗin da talabijin ta wayar HDMI: idan hoton talabijin lafiya lau, zargi ya koma kan allon ko wayarsa. Motsa murfin a hankali gaba da baya, in ƙiftawar na canzawa da motsin, wayar ce mafi kusa da zato, kuma kuɗinta bai kai na allo ba. Wannan gwaji ba ya yanke hukunci ɗari bisa ɗari, amma yana hana mai gyara ya ce a sauya allo gaba ɗaya alhali ba shi ne ba. Kwamfutar da aka riga aka shanya kuwa, a duba ƙasanta da wurin madannai. In an ga alamar kumburi, a cire ta daga caja, kada a matsa ko a huda batirin, a kai ta wurin wanda zai sauya shi.