Tsilar da Ba Ruwanta da Tsire

Yawancinmu idan aka ce tsila, naman da bai gasu ba muke tunawa, sai mu harari mai tsiren bakin get. To akwai wadda ko ka daina cin nama za ta iya samun ka. Sunanta Echinococcus multilocularis, tsawonta milimita kaɗan ne, kuma a hanjin yanyawa take zama a ƙasashe irin su Jamus, Sin da Kanada.

Ƙwanta na fita a kashin yanyawa, ɓeran daji ya haɗiye tare da ciyawa, yanyawa ta cinye ɓeran, haka abin ke ta zagayawa. Mutum tsautsayi ke jefa shi ciki: ganyen da ba a wanke ba, ko karen gida da ya ci ɓera, aka shafa shi aka sa hannu a kwano. Ni abin da ya fi ba ni tsoro shirunta ne. Takan yi shekara 5 zuwa 15 tana cin hanta kamar ciwon daji kafin mutum ya ji komai. Magani sai tiyata da shan albendazole shekara da shekaru.

Kada ka ce ai can ne. 'Yar'uwarta granulosus tana nan a jikin raƙuma da tumakinmu. Ƙullutun ruwan nan da ake gani a hanta ko huhun rago ranar layya, a yanke a jefa wa kare? Sau da yawa ita ce. Kare ya ci, ya zuba ƙwan a inda yara ke wasa. A ƙone ƙullutun, ko a binne shi da zurfi.