Wara: Jirgin Da Har Yau Ba A San Adadin Mutanen Cikinsa Ba

Uwargida, idan kasuwarki ko gidan iyayenki na ƙetaren ruwa a Yauri, Ngaski ko Shanga, wannan magana taki ce.

Ranar Laraba, 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski. Bai kai gaɓa ba, ya tsage ya nitse. An ƙiyasta mutanen cikinsa sun haura 150, da mata da yara masu yawa, waɗanda aka ceto da rai kuwa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. An kwashe kwanaki ana tsamo gawarwaki.

Abin da ya fi ciwo shi ne babu takardar sunayen fasinjoji, shi ya sa kowa da adadin da yake faɗa. Uwar da ba ta ga gawar ɗanta ba, zaman makokinta ba ya ƙarewa.

Mutuwa ƙaddara ce, amma sanadin wannan a fili yake. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta ce an yi wa jirgin lodi fiye da kima, har da babura. Ga kuma tsufan jiragen. Sannan tun 1968 da aka kammala madatsar Kainji, tafkin ya haɗiye gonaki da daji, kututturan itatuwa suna nan ƙarƙashin ruwa, direba ba ya ganinsu sai ya hau.

Kafin ki shiga jirgi:

Ki dubi gefensa. In ruwa ya kusa taɓa baki, ki sauka ki jira na gaba, ko da kasuwa za ta tashi.

Kada ki yarda da tafiyar dare, ko fita idan hadari ya haɗo.

Ki nemi rigar kariya, taki da ta yaro, ki ɗaura ta tun a bakin ruwa. Goyo a baya ba ya hana nitsewa.

Ki kira gida ki faɗi tashar da kika shiga, sunan mai jirgin da yaran da ke tare da ke.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri.